Gorlo da Maƙogwaro: Tarihin Kalmomi Biyu Masu Kama da Juna

Abin da ya jawo wannan maƙala wata hira ce da aka yi a Maigatari ran wata Alhamis, watau ranar da kasuwar garin take ci. Na je ne tare da wani dattijo mutumin Gumel, tsohon likitan dabbobi, wanda ya yi karatunsa a Tarayyar Sobiyet tun kafin ta wargaje a 1991. Muna tsaye a kara, yana lalubar wuyan wani bijimi da aka koro daga ƙasar Damagaram, sai ya waiwayo ya ce da ni, "Malam, ku masu nazarin harshe, ka san yadda Rashawa suke kiran wannan wuri? Gorlo. To, cire maƙo daga maƙogwaro, ka gaya mini abin da ya rage." Na ce, "Gwaro ke nan, Baba." Ya ce to shi fa shekara talatin da ɗoriya ke nan yana riƙe da wannan a ransa, cewa kalmomin nan biyu uwarsu ɗaya.

Ban yi masa gardama a wurin ba, don ba a musu da dattijo a tsakiyar kasuwa, kuma gaskiya kamar da ya ji tana nan. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin irinta ce nake gamuwa da ita kowace shekara a kundayen ɗalibai. Ɗalibi zai ɗauko kalmar Hausa, ya samo wata mai kama da ita a Larabci ko harshen Habasha ko na Misirawan dauri, nan take ya yanke hukunci cewa daga can ta fito. Sa'an nan a kan wannan hukunci sai ya ɗora wani wanda ya fi shi nauyi, watau asalin Hausawa su kansu. Ga shi kuwa malaman makarantu daga hannunmu suke fita, abin da suka ɗauka a nan shi za su shuka a can. Don haka na ga ya kyautu a ɗauki misalin da ba wanda zuciyarsa ta rataya a kansa, kamar wannan na Rashanci, a bi shi daki-daki, a ga yadda ake gane dangantaka da yadda ake gane kama kawai.

Asalin gorlo

Rashanci ɗaya ne daga cikin harsunan da ake kira na Silabawa, waɗanda suka bazu a gabashin Turai da tsakiyarta. In muka jera yadda kowannensu yake kiran maƙogwaro, za mu sami gorlo a Rashanci, da grlo a harshen Sabiya da Kuroshiya, da hrdlo a harshen Cek, da gardło a harshen Polan. Abu na farko da mai karatu zai lura da shi shi ne, harsunan yamma, watau Cek da Polan, suna da d a tsakiyar kalmar, na gabas da na kudu kuwa ba su da shi. Tambayar ita ce, waɗancan ne suka ƙara, ko kuwa waɗannan ne suka yar?

Ba a amsa irin wannan tambaya da kalma ɗaya. Sai an nemo wasu. Sabulu a harshen Polan mydło ne, a Rashanci mylo. Basilla irin ta dukawa szydło ce a Polan, shilo a Rashanci. Garma radło ce a can, ralo a nan. Ko'ina aka sami dl a yamma, sai a sami l kaɗai a gabas da kudu. Amma ba kowane l na Rashanci yake zama dl a Polan ba, wannan kuwa shi ya nuna cewa yarwa aka yi, ba ƙari ba. Har ila yau kalmomin nan duka gininsu iri ɗaya ne: kowace tana da aikatau a gaba, da ɗafa-ƙeya -dlo a baya, wanda yake mai da aikatau sunan kayan aiki. Myti shi ne wanke, mydlo abin wanki. Shiti shi ne ɗinka, shidlo abin ɗinki. Ashe ke nan tsohuwar siffar kalmarmu ita ce *gurdlo, da wani gajeren wasali ƙwarai bayan g. (Tauraron da ke gaban kalma alama ce ta cewa ba a same ta a rubuce ba, masana ne suka maido da ita ta hanyar kwatanci.)

Saura saiwar. Ita ma sai an fita daga gidan Silabawa an leƙa dangi na nesa kafin a gane ta. A harshen Lituwaniya gerti shi ne sha, gerklė maƙogwaro, gurklys kuwa ita ce jakar nan ta wuyan tsuntsu inda tsaba take taruwa. A Sanskirit, tsohon harshen Indiya, girati na nufin yana haɗiyewa. A Latin vorare shi ne lanƙwame, a tsohon Girkanci bora abinci ne, musamman irin na namun daji. Wanda bai saba ba zai ce ina ruwan vorare da bora da gorlo, ko kama ba su yi ba. To amma dubi kalmar rai: Latin vivus, Girkanci bios, Lituwaniya gyvas. Nan ma v na Latin da b na Girkanci da g na Lituwaniya sun sake haɗuwa a gurbi ɗaya. Wannan maimaituwa ita ce hujja. Daga gare ta aka gane cewa uwar waɗannan harsuna, wadda aka yi magana da ita kimanin shekara 5000 zuwa 6000 da suka wuce, tana da wani sauti *gw, kowane reshe kuma ya juya shi ta hanyarsa. Saiwar ita ce *gwer-, ma'anarta haɗiya. Saboda haka gorlo, in aka warware ta, abin haɗiya take nufi. Da Bahaushe ne ya ƙera ta, da sai ya ce wani abu kamar mahaɗiyi.

Akwai wani abu a nan da ɗalibin Hausa zai gane da sauri. Kamar yadda t take komawa c, s take komawa sh a gaban wasalin i ko e, mu ce mota da motoci, ƙasa da ƙasashe, haka g ta tsohon harshen Silabawa ta koma zh a irin wannan muhalli, watau sautin nan da wasu Hausawan Nijar suke furta j da shi. Ganɗantawa ke nan. Ita ta sa Rashanci yake da zherlo, bakin igwa ko bakin dutse mai aman wuta, da zhrat', ci irin na haɗama, da ozherel'ye, abin wuya na mata, duka daga saiwa ɗaya da gorlo ko da yake kunne ba zai shaida ba. Kurciya ma gorlitsa suke ce mata, don wuyanta.

Duk wannan ba sabon bincike ba ne. Yana cikin ƙamus ɗin asalin kalmomin Rashanci na Max Vasmer, wanda aka buga a Jamus tsakanin 1950 da 1958, da na harsunan Silabawa na Rick Derksen na 2008. Abin da ya shafe mu shi ne tsarin lokaci. Faɗuwar d ta riga rubutu, domin tun a littattafan coci na farko, waɗanda suka biyo bayan aikin Kiril da Metodiyus na 863, babu shi a kalmar. Wasalin o kuwa na gorlo bai bayyana ba sai wajen ƙarni na 12, sa'ad da gajerun wasulan nan suka sauya a harsunan gabas. Watau siffar da ta yi kama da gwaro ita ce ƙaramar 'ya a gidan. Gwargwadon yadda aka koma baya, gwargwadon yadda kamar take raguwa, alhali in da dangantaka ce ta gaskiya, ƙaruwa ya kamata ta yi. Kuma -lo ɗin da ya yi wa dattijona amo kamar -ro, guntun ɗafa-ƙeya ne, ba ya cikin saiwa.

Gidan su maƙogwaro

Yanzu sai mu dawo gida. Kuskuren farko da aka yi a Maigatari shi ne wurin da aka sa wuƙa. An yanke maƙo an yar, an riƙe gwaro, ba don wani dalili ba sai don shi ne ya yi kama da abin da ake nema. Kafin a yanka kalma, wajibi ne a tambayi harshen da ya mallake ta inda gaɓoɓinta suke. To, ga abin da Hausa take da shi a wannan yanki na jiki: maƙogwaro, da maƙoshi, da maƙwallato, da maƙoƙo, watau kumburin nan na gaban wuya, da maƙwarwa, kamar a ce ya sha ruwa maƙwarwa biyu. Akwai kuma aikatau maƙure, a kama mutum a wuya a matse.

Abin da ya haɗa su duka shi ne farkonsu, ba ƙarshensu ba. Wani zai ce ai maƙo- daban, maƙwa- daban. Ba daban ba ne, kuma Hausa da kanta ta ba da shaida. Dogon wasalin o ba ya zama a rufaffiyar gaɓa. In gaɓa ta rufu da baƙi sai ya gajarce, bayan k da g da ƙ kuma sai a ji shi kamar wa. Shi ya sa muke da ƙorai amma ƙwarya, muke da goro amma jam'insa gwarra. A auna kalmominmu da wannan ma'auni: ma-ƙo-shi, ma-ƙo-ƙo, ma-ƙo-gwa-ro, gaɓa ta biyu a buɗe take, sai aka sami o. Ma-ƙwal-la-to, ma-ƙwar-wa, gaɓa ta biyu a rufe take, sai aka sami wa. Ba ko ɗaya da ta kauce. Ashe ɓangaren da aka yar a kasuwa shi ne yake ɗauke da ma'anar, wanda aka riƙe kuwa shi ne wanda sauran 'yan gidan ba su san shi ba.

Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma a nan ne abin ya fi daɗin nazari.

Hanya ta farko ita ce a ce ma- ɗafa-goshi ne, irin wanda muka sani a mabuɗi da magirbi da madubi, ko a majema da mahauta da makaranta. Wannan ra'ayi yana da abin dogaro, domin akwai sassan jiki da aka ƙera sunansu haka a fili: mahaifa daga haifa, mafitsara daga fitsari. In haka ne, maƙoshi sai ta zama wurin ƙoshi, maƙwarwa kuma ta yi dangantaka da ƙware, irin wadda mutum yake yi in ruwa ya bi masa ta hanyar iska. (Kada a haɗa ta da ƙware ta gwaninta, tsawon wasalinsu ba ɗaya ba ne, rubutunmu na yau da kullum ne ya ɓoye bambancin.) Da wannan ra'ayi ya tabbata, da dattijona ya sami wani abu da ya fi abin da ya nema: ba dangantakar jini ba, amma dabara iri ɗaya, Silabawa sun sa alamar kayan aiki a ƙeya, Hausawa sun sa a goshi.

Sai dai maƙogwaro da kanta ta ƙi shiga wannan layi, ta fuska uku. Sunayen kayan aiki suna ƙarewa da -i, na wuri da -a ko -i, ita kuwa da -o ta ƙare, haka ma maƙoƙo da maƙwallato. Sunayen kayan aiki da na wuri karin sautinsu sama ne tun daga farko har ƙarshe, maƙogwaro kuwa da ƙasa ta fara, ta hau, ta sauka, ta sake hawa. Na uku, in an cire ma- daga mabuɗi akwai buɗe, in an cire daga magirbi akwai girbe, amma ba wani aikatau ƙogwara da Bahaushe yake amfani da shi.

Hanya ta biyu ita ce a ce m ɗin nan na saiwa ne tun asali, watau saiwar ita ce maƙw-. Abin da ya ƙarfafa wannan shi ne maƙure, domin aikatau a Hausa ba ya ɗaukar ɗafa-goshin ma-. Sa'an nan ga amsa-kama muƙut, wadda ake faɗa in mutum ya haɗiye yawu ko loma da ƙarfi. M da ƙ suna nan a jere, ba kuwa wanda zai ce mu- ɗafa-goshi ne a cikinta. Ni dai a nawa ganin wannan hanya ta fi ƙarfi ga maƙogwaro da maƙoƙo da maƙwallato da maƙure. Maƙoshi ce kaɗai nake ɗan dakatawa a kanta, don siffarta ta yi daidai da ta sunayen wuri, kuma ba abin mamaki ba ne a ce tsohuwar kalma ce ta gidan maƙw- wadda masu magana suka ja ta zuwa ga ƙoshi don ma'anar ta yi musu daidai. Harsuna suna yin haka. Ko ma wace hanya aka bi, gwaro ba ta da rabo.

Gargaɗi ɗaya kafin mu wuce. Da zarar mutum ya ga irin wannan gida, sai ya so ya cusa kowa a ciki: maƙale, don ƙashin kifi yana maƙalewa a maƙogwaro, maƙura, don ta yi kama da maƙure. Amma maƙale ba ta da o ko w, kuma riga ma tana maƙalewa a ƙaya. Maƙura kuwa ƙure tana nan a fili a cikinta, iyaka ke nan. Cutar da muke yi wa gorlo magani tana iya kama mu a cikin gida.

Wuya, da maƙwabtan Gumel na gabas

In ana son a ga yadda dangantakar gaskiya take, ba sai an yi nisa da maƙogwaro ba. A ɗauki wuya. Tun 1950 Joseph Greenberg ya kafa hujjar cewa Hausa tana cikin rukunin harsunan Cadi, su sama da 150, rukunin kuma reshe ne na babban gidan da ya haɗa da Larabci da Ibrananci da harsunan Buzaye da tsohon harshen Misira. A 1966 Paul Newman da Roxana Ma suka buga kwatancin sautuka da kalmomin harsunan Cadi, a 1970 kuma Newman ya bayyana wata doka ta tarihin Hausa: tsohon *r, in ba a farkon kalma yake ba, ya koma y ko i. Shaidun sun haɗa da mai, wanda Bolawa suke kira mor, Ngizimawa kuma mərak. Da kifi, wanda yake kerwo a Bolanci. Da wuya, wadda take wura a Ngizimanci. Ga r a wurin dangi, ga y ko i a wurinmu, sau uku a gurbi ɗaya. Irin abin da muka gani ke nan tsakanin v da b da g.

Wannan doka tana da abin faɗa game da gwaro. In tsohon *r ya riga ya koma y, to r ɗin da muke ji yau a maƙogwaro ba za a ɗauke shi kai tsaye a ce shi ne na shekaru dubbai ba. Da yawa daga r na Hausar yau daga *l suka fito. Babban misali shi ne harshe, wanda Sakkwatawa har yanzu suke kira halshe. In aka ware ha- ɗin da yake gaban sassan jiki da dama, kamar hanci da haƙori da hannu da hanta da haɓa, wanda Wolf Leslau ya yi rubutu a kansa a 1962, abin da ya rage shi ne l da s, su ne kuma suke cikin lisan na Larabci da iles na harsunan Buzaye da danginsu. Harshe da lisan ba su yi kama ba, amma 'yan'uwa ne. Gorlo da gwaro sun yi kama, amma kama da wane ba ta wane.

Ba banza na ambaci Ngizimawa ba. Masarautar Gumel, wadda yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, tana zaune ne a inda Hausa ta yi iyaka da wasu harsuna. Mangawa ne suka kafa ta wajen 1750, ta zama mai biyayya ga Barno, jihadi kuma bai shigar da ita daular Sakkwato ba. Sa'ad da Heinrich Barth ya sauka Gumel a watan Maris na 1851, a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya ɗauke ta a matsayin mashigar ƙasar Barno, ya kuma tarar da kasuwarta cike da kanwa. Mangawa reshe ne na Barebari, harshensu ba na Cadi ba ne ko kaɗan. Mai neman asalin kalma a wannan yanki dole ya fara tambaya ko aro ce daga Barbarci, domin Greenberg ya nuna a 1960 cewa Hausa ta ari abubuwa da yawa ta wannan hanya: kasuwa, karatu, rubutu, da sarautu irin su galadima da ciroma da yarima. Amma a dubi irin kayan da aka ara. Na fada ne da na kasuwa da na makaranta. Barebari suna kiran wuya dawu, ba ta kuwa shigo ba. Masu sarautar Gumel sun zo da sunayen muƙamai, jikokinsu kuma suka wayi gari suna kiran sassan jikinsu da Hausa.

Dangin jini na Hausa a wannan kusurwa su ne Badawa na wajen Gashuwa, da Duwai, da Ngizimawa na Potiskum, ko da yake a cikin rukunin Cadi na yamma Bolanci da Angasanci sun fi su kusa da Hausa. Kusa da Gumel ma ƙwarai, a ƙasar Haɗeja da Katagum, an yi harsunan Auyokawa da Teshenawa da Shirawa, na gidan Badanci, waɗanda Hausa ta haɗiye su ƙurmus. Abin da ya rage nasu 'yan jerin kalmomi ne, waɗanda Russell Schuh ya yi nazarinsu a 2001. Badanci da Ngizimanci da Duwai sun yi sa'a, don tun 1854 Sigismund Koelle ya buga kalmominsu kusan 300 da ya tattara daga bakin 'yantattun bayi a Firitawun ta Saliyo, Schuh kuma ya fitar da ƙamus na Ngizimanci a 1981. Wanda yake son ya bi sawun maƙw- zuwa baya, nan ne zai fara, tafiyar yini ɗaya daga Gagarawa, ba Mosko ba.

Me ya sa suka yi kama?

Dalili biyu ne. Na farko sa'a ce kawai. Sautukan da bakin ɗan Adam yake furtawa kaɗan ne, kalmomi kuwa dubbai ne, dole wasu su yi karo. Rashawa suna cewa my, Hausawa suna cewa mu, ma'ana ɗaya. Wannan ma ta fi gorlo kama, amma my 'yar'uwar mes ce ta Lituwaniya, mu kuwa danginta suna Bolanci da sauran harsunan Cadi.

Na biyu ya keɓanta da maƙogwaro. Sassan jiki masu yin ƙara sukan sami suna daga ƙarar. Larabawa suna da gargara da gaini, kurkurar ruwa a maƙogwaro da kuma kakarin mai mutuwa, daga nan muka aro gargarar mutuwa. Girkawa suna da gargarizein, Latin tana da gurgulio, Ibrananci yana da garon da gargeret, Faransanci yana da gorge. Mu ma ga kurkure da gurnani. Sautin hanɗa, da r ko l, sau da yawa da ninki: duniya duka ta ji abu ɗaya ta kwaikwaya. Saboda haka masana tarihin harshe suke ɗari-ɗari da irin waɗannan kalmomi, kamar yadda suke yi da mama da baba. Ba wai ba su da tarihi ba ne, ga shi mun bi na gorlo. Kamarsu ce ba ta zama shaida.

Ya kamata a faɗa, don adalci, cewa tunanin dattijona ba baƙo ba ne a ƙasar da ya yi karatu. Rashawa sun yi wa Hausa hidima; ƙamus na Hausa zuwa Rashanci da Dmitri Olderogge ya jagoranta ya fito a Mosko a 1963. A can ne kuma Illich-Svitych, wanda ya rasu a 1966, da Aharon Dolgopolsky suka yi ƙoƙarin nuna cewa gidan harsunan Indiya da Turai da gidan su Hausa da Larabci sun haɗa kaka a can nesa. Yawancin masana ba su gamsu ba. Amma ko su masu wannan ra'ayi ba sa ɗora Rashancin yau a kan Hausar yau. Siffofin da aka maido suke kwatantawa, bayan an cire -dlo a can, an warware maƙw- a nan.

Abin da ya fi damuna bai shafi Rasha ba. A bakin yawancin ɗalibaina maƙogwaro da maƙoshi abu ɗaya ne, maƙwallato kuwa ba su san ta ba sai a aji, inda littattafan tsarin sauti irin na M.A.Z. Sani suke kiran abin da yake karkarwa in ana furta sauti mai ziza da sunan tantanin maƙwallato. Watau masana sun ceto kalmar, sun ba ta aiki, amma sun ƙuntata ta. Akwai kuwa mutanen da sana'arsu ta tilasta musu rarrabewa. Malamin zaure mai karantar da Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, dole ya fassara hulƙum da wadajaini, domin a mazhabar Malikiyya yanka ba ya halatta sai an tsinke hanyar iska da jijiyoyin nan biyu na gefen wuya. Dole kuma ya bambanta su da mari'u, hanyar abinci. Mai koyar da tajwidi dole ya nuna wa almajiri wurare uku na halƙu inda haruffa shida suke fita. Wanzami mai cire beli, wanda wasu suke kira hakin wuya, yana da nasa sunaye. Mahauci ya fi su duka, don shi yake riƙe abin a hannu kullum, ya san inda ake sa wuƙa ga sa, da inda ake suka ga raƙumi a gindin wuya.

G.P. Bargery, a ƙamus ɗinsa na 1934, ya yi ƙoƙarin sa wa kalmomi alamar ƙasar da ya ji su, Katsina ko Sakkwato ko Daura ko Haɗeja. Shekara casa'in ke nan. A tsakani jirgin ƙasa na Kano zuwa Nguru, wanda ya ratsa ta Gagarawa tun 1930, da rediyo, da makarantun boko, sun yi ta kwararo Kananci cikin ƙasar Gumel. Tambayar da na bari a buɗe a sama, ko m na saiwa ne ko ɗafa-goshi, irin tambayar da siffa ɗaya daga bakin tsoho ɗaya take iya warwarewa: a ji kalmar ba tare da ma- ba, ko a ji ta da wani wasali, ko da wani karin sauti. Amma sai an rubuta ta da tsawon wasali da karin sauti, an kuma rubuta garin mai magana da sana'arsa da harshen iyayensa, a Sule Tankarkar da Maigatari, da kuma hayin iyaka a Dungas da Magarya, inda Hausa da Manganci suke zaune kafaɗa da kafaɗa.

Na koma Gumel bayan watanni na karanta wa dattijon abin da na rubuta. Ya saurara har ƙarshe, ya ce gorlo dai ya bar mini ita, amma a jerin nawa bai ji zakaran wuya ba, kuma shi a aikinsa ya ji makiyaya da mahauta suna rarraba wuyan sa kashi-kashi fiye da yadda na lissafa. Muka shirya ran Alhamis mai zuwa mu sammaka mahauta kafin a fara yanka, shi ya riƙa nuna wurin da yatsa, ni in riƙa rubutawa.